Ni Ce Na Ba Shi Furar

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata, 'yan'uwa, salama a gare ku. Ku ce amin da ƙarfi tun yanzu, don ban sani ba ko za ku iya cewa idan na gama.

Kun san ni. Ni ce Asabe, matar marigayi Iliya Dogo, wadda ke dama muku kunu ranar zumuntar mata. Yau ba na tsaya in ce muku na yi ciwo na warke ba ne. Ƙarya na yi, na ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba, na zauna a kanta shekara uku ina rera waƙa a gabanku. Daga cikin wannan ramin Ubangiji ya fito da ni.

Kun tuna shekarun nan da taki ya gagare mu, hatsi ya ƙare a rumbu tun gero bai fitar da kai ba. A gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Maigidana yakan yi loma uku ya ture wa yara kwanon, ya ce wai ya ci wani abu a gona. Me zai ci a gona? Ciyawa?

Ni kuwa kun san halina. Ban iya ganin mutum da yunwa in ɗauke kai ba, kuma ina alfahari da haka. A ganina babu ciwon da abinci mai ɗumi ba ya rage wa. Kuma ba na son a koya mini yadda zan kula da nawa. Wannan taurin kan shi ya kai ni inda ya kai ni.

Wata safiya a tsakiyar damina, bayan an sha ruwa kwana biyu a jere, maigida ya fita buɗe rariya don ruwa ya taru a gindin katanga. Ina tsakar gida na ji rugum! Katangar ta zubo masa a hannun dama. Da aka janye ƙasar, ƙashi ya huda fata ya fito, jini yana tsartuwa. Wayyo Allah!

Aka kira mai ɗori. Ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana kaɗa kai. Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ku kai shi birni, kada ku tsaya ko'ina."

Maƙwabcinmu Malam Haladu, wanda katanga ɗaya ta raba mu da su, shi ya fara isowa. Musulmi ne, kun san shi, mai babur ɗin nan. Ya yage rawaninsa ya ɗaure hannun, ya goya maigida a babur, Yaya Nomau, wan maigidana, ya riƙe shi ta baya, har bakin titin Bici. Ni na bi su a wani babur ɗin. Daga nan muka samu mota zuwa babban asibiti.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin gaggawa ba, wanda suke ce wa imajensi, ya gode wa Allah. Gadaje sun cika, wasu a kan benci, wasu a ƙasa a kan zani. Ga warin magani, ga warin jini. Wannan na nishi, wancan na kiran uwarsa, ma'aikata na ta kai da kawowa, ba mai lokacin ce maka sannu. Aka yanke rigar maigida da almakashi, aka sa masa ƙarin ruwa, aka kai shi hoto aka dawo da shi.

Likita ya ce sai an yi tiyata, kuma sai an samo jini. Ya dubi Yaya Nomau. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce lokacin noma ne, in aka ɗebi jininsa wa zai riƙe masa fartanya? Ban zarge shi ba, haka da yawanmu muka ɗauka. Malam Haladu kuwa ya naɗe hannun rigarsa ya bi ma'aikacin. Jininsa aka ɗiba. Ku riƙe wannan, 'yan'uwa.

Sai wata nas ta zo ta manna takarda a kan gadon da filasta. Ta dube ni ta ce, "Mama, ke ce matarsa? Kada a ba shi komai. Ko ruwa. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji."

Ta wuce da sauri. Ni kuwa a zuciyata na ce, ji wannan yarinyar! Ita ta karya kumallo da shayi da burodi, ta zo tana hana mai yunwa. Na ɗauka ƙyamar wanke gado ce kawai ta sa suke faɗin haka. A garinmu ko ɗori za a yi wa mutum sai an ba shi abu ya sa a cikinsa ya samu ƙarfi. Yaya za a kai mutum gaban wuƙa cikinsa ba komai?

Hantsi ya wuce, rana ta take, ba a zo an ɗauke shi ba. An ce an kawo waɗanda mota ta kife da su, su ne a gaba. Maigida yana kwance, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Rabonsa da abinci tun loma ukun jiya.

Malam Haladu ya dawo yana ɗan layi. An ce masa ya sha wani abu bayan ɗibar jini, ya je bakin ƙofar asibiti ya sayi fura ya sha, ya kuma damo wata a kwano ya kawo. A gaban Yaya Nomau ya shigo da ita. Ya miƙo mini ya ce, "Asabe, ungo ki sha, tun safe ba ki sa komai a bakinki ba. Amma shi kada ki ba shi, kin ji abin da suka ce."

Sai aka ba Yaya takardar magani ya fita saye. Malam Haladu ya ce bari ya yi azahar. Aka bar ni da maigida.

Ya buɗe ido ya dubi kwanon. Bai roƙe ni ba, ina gaya muku gaskiya, bai roƙe ni ba. Kallo kawai ya yi, ya haɗiye yawu. Na waiga, ba nas a kusa. Na juya baya na kare mu da mayafina, na tallafo kansa, na kafa masa kwanon. Ya ce, "An ce fa kada..." Na ce, "Sha, kai dai. Su suka san yunwarka?"

Ya shanye tas. Har gudajin furar na murtsuke masa da yatsa na ba shi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ji daɗi a raina, na ce na yi aikin matar kirki.

Wajen la'asar suka zo da gadon turawa. Wani mutum mai koren kaya, shi ne mai yin allurar barci, ya tsaya a kaina da takarda. Ya ce, "Mama, yaushe rabonsa da abinci?"

Na ce, "Tun jiya da magariba."

"Ruwa fa? Ko koko? Ki faɗa mini gaskiya, in ya sha sai mu jira, ba faɗa za mu yi ba."

Jira kuma? Tun safe muke jira! Na ce, "Ko ɗigo bai sha ba."

Maigida ya dube ni, ya lumshe ido, bai tona ni ba. Yaya Nomau ya dangwala hannu a takarda, suka tura shi. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe yana cikin hankalinsa.

Muna zaune a benci sai muka ga ma'aikata sun fara gudu suna shiga ɗakin tiyata. Wani ya wuce yana jan tukunyar iskar numfashi. An daɗe kafin wata likita ta fito, gumi ya jiƙa mata hula. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Wa ya ba shi fura?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce idan an sa mutum barcin tiyata, maƙogwaronsa ma barci yake yi, ba ya iya tare komai. Abin da ke cikinsa ya taso ya gangara cikin huhu. Ta ce sun zuƙo abin da za su iya, amma ya shiga da nisa. Ta sake cewa, "Mun tambaya fa. Wa ya ba shi?"

Yaya Nomau ya juya kan Malam Haladu. Ya ce, "Kai na gani da kwano!"

Malam Haladu ya ce, "Asabe na kawo wa. Ga ta nan, ta faɗa."

Duk suka zubo mini ido. 'Yan'uwa, a wannan lokacin na ga komai a gabana. Na ga an ce na kashe mijina. Na ga Yaya ya kore ni daga gidan ya riƙe yara huɗu. Na ga zumuntar mata na nuna ni da baki. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni na ajiye ta na fita bayan gida. Da na dawo na tarar da Malam a tsaye a kansa, kwanon ba komai."

Malam Haladu ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Asabe, ki ji tsoron Allah." Filastar da aka manna masa inda aka ɗebi jini tana nan a hannunsa.

Kwana uku maigida ya yi da roba a baki, inji na hura masa numfashi. Ta taga nake leƙensa. Kullum ina addu'a iri biyu: bakina na cewa Ubangiji ka tashe shi, can ƙasan zuciyata kuma ina tsoron ya tashi ya yi magana. Kun ji irin matar da ke muku kunu! A rana ta uku da hantsi ya cika. Hannun kuwa sun gyara shi tsaf, an ɗinke, an naɗe da farin bandeji. Da shi aka binne shi.

Da muka dawo gida maganar ta ƙi tsayawa inda na ajiye ta. Ni cewa na yi ya ba shi fura. Kafin a share makoki an ce da gangan ya yi. Wani ya tuno tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninsa da Yaya Nomau. Wata ta ce ai wa ya san abin da aka barbaɗa a ciki. Aka je gaban mai unguwa, Malam Haladu ya rantse, ni ma na maimaita tawa ina kuka. Wa zai ƙaryata mai takaba da hawaye a fuska?

Mutanenmu suka daina hawa babur ɗinsa. Aka daina gaishe shi a hanyar gona. 'Yan'uwansa su ma suka ji haushinmu. Kun sani, da can ranar Sallah kwanonsu na shigowa gidajenmu, ranar Kirsimeti namu na shiga nasu, tun kakanni. Shekarar nan ba kwanon da ya ƙetare. Mahaifiyarsa, Inna Gambo, wadda ta yanke wa uku daga cikin 'ya'yana cibiya, in ta hango ni a rijiya sai ta tsaya nesa har in gama. Bayan shekara ɗaya ya sayar da gidan ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Ungogo.

Ku kuma kuka rungume ni. Matasa suka yi mini gayya suka nome gonar. Mata suka riƙa aiko mini da hatsi alhali su ma ba su da shi. Kowane kwano da ya shigo gidana sai in ji kamar garwashi aka ɗora mini a ƙirji. Ina karɓa ina cewa Allah ya saka.

Na daina iya shan fura. Ko warinta na ji sai zuciyata ta tashi. Na rame, kuka ce baƙin cikin rashin miji ne. Ranar Jibin Ubangiji ina miƙa hannu in karɓi gurasar, in sa a baki, ta tsaya mini a wuya. In na durƙusa addu'a, da na ce "Ya Uba" sai in ji muryar Malam Haladu tana cewa ki ji tsoron Allah. Daga baya na daina durƙusawar ma, sai dai in motsa baki in ana kallona.

Na ce a raina tawa ta ƙare. Mai kisa ana gafarta masa, maƙaryaci ana gafarta masa, amma wadda ta haɗa biyun ta kuma ci hatsin marayu a kai fa? Akwai ranar da na je ɗiban ruwa da tsakar rana, ba kowa a rijiya. Na daɗe ina leƙa ciki. Ba zan ɓoye muku abin da na yi tunani ba. Kukan autana da na jiyo daga gida shi ya sa na ja gugana na tafi.

Haka na rayu shekara uku, a mace ina yawo.

Watan jiya 'yata Rahila, babbar, ta kama ciwon ciki ta gefen dama, tana amai, jiki zafi rau. Aka ce mu wuce birni. Da motar ta tsaya sai na ga ƙofar asibitin nan ce dai. Ɗakin nan ne dai, warin nan ne dai. Aka kwantar da ita a ɓangaren mata, likita ya danna cikin ya ce wani ɗan hanji ne ya kumbura, sai an cire kafin ya fashe. Aka manna takarda a gadonta.

A gadon da ke kusa da mu akwai wata matashiya da mota ta buge, ita ma da takarda a gadonta. Uwarta na zaune, wata dattijuwa mai hijabi, fuskarta duk tausayi. Ina kallo ta waiga hagu, ta waiga dama. Ta jawo kofi daga ƙarƙashin hijabi. Ta juya baya, ta tallafo kan 'yarta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kai wa kofin duka, koko ya watsu a ƙasa har jikin bango.

Ta miƙe tana huci. Ta ce, "Ke wace iri ce? Mahaukaciya ce ke? 'Yata ce ko taki?"

Na ce, "Mama, kashe ta za ki yi! Wallahi kashe ta za ki yi! Ni haka na yi wa mijina a ɗakin nan. Ni na ba shi fura da hannuna, na ce bai sha ba, ya mutu, na ce wani ne!"

Sai a lokacin na tuna wadda ke kwance a bayana. Na juya. Rahila ta zuba mini ido. Ta ce, "Inna, ke ce?" Ta juya fuskarta bango. Da suka zo tura ta na kai hannu zan riƙe nata, ta janye.

Na fita ban san inda nake sa ƙafa ba. Akwai wata bishiyar darbejiya a bayan ɗakin, inda masu jinya ke shanya. A nan na zube a ƙasa, rana tsaka, mutane na wucewa. Ban yi ciniki da Ubangiji ba, ban ce warkar da ita in yi maka kaza ba. Da wane bakin? Cewa na yi, "Yesu, ni ce. Ni na ba shi. Ni na yi wa Haladu ƙarya. Ba ni da hujja ko ɗaya. In akwai sauran jinƙai ga irina, ga ni. In babu ma, na gaji da ɓoyewa."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, kuma da na gama na ja numfashi ya sauka har ƙasa. Shekara uku rabona da irin wannan numfashin. Na san an ji ni, kuma ba a kore ni ba. Yabo ga sunan Yesu!

Rahila ta fito lafiya, ga ta can zaune a baya. Har yau ba ta cika yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da muka dawo na je wurin Baba Fasto na faɗa masa. Ya raka ni wurin Yaya Nomau. Yaya ya saurara har na gama, ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Bai kore ni ba tukuna, bai kuma amsa gaisuwata ba. Abin da ya yanke, na karɓa.

Ranar Laraba muka je Ungogo. Da tambaya muka samu Malam Haladu a wani kango, yana ɗaukar bulo a ka. Ya tsufa, babur ɗin ma babu. Na durƙusa a cikin yashi na faɗi abin da shi ya riga ya sani. Ya daɗe yana kakkaɓe hannunsa. Sannan ya ce, "Tashi, Asabe. Na yafe miki, don ni ma ina so Allah ya yafe mini."

Baba Fasto ya ce masa ko zai dawo gida, mu za mu tsaya a gaban kowa mu wanke shi.

Ya ce, "Ku wanke ni a wurin wa? Inna ta rasu bara. Ana gobe za ta cika ta kama hannuna ta ce, Haladu, tsakaninka da Allah, ba kai ba ne? Na ce ba ni ba ne, Inna. Ta ce to. Amma ban sani ba ko ta yarda."

'Yan'uwa, wannan ba ni da yadda zan gyara shi. Yesu ya gafarta mini, na gaskata da dukan zuciyata, amma Inna Gambo tana kabari, kuma ba za ta ji abin da nake faɗa yau ba.

Duk da haka ina godiya. Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na mutu da ƙaryar nan a bakina ba. Na gode masa don yarinyar nan ta gadon kusa, an yi mata aiki ta tashi. Na gode masa don ran Rahila.

Iyayena mata, in likita ya ce kada a ba mara lafiya komai, ku ji. Ku bar shi ya yi kukan ƙishirwa, ku yi kukan tare da shi, amma kada ku ba shi. In kuma kun riga kun ba shi, ku faɗa, jira kawai za a yi.

Wanda kuma yake zaune a nan da wani abu binne a cikinsa, yana cewa nasa ya fi ƙarfin gafara, ya dube ni. In Yesu bai kore ni ba, ba zai kore ka ba. Ka dogara gare shi ka faɗa yau, tun wanda ya kamata ya ji yana da rai.

Gobe da safe zan je ƙofar mai unguwa in maimaita wannan magana a gaban mutanen Malam Haladu. Duk wanda ya taɓa ɗauke kai ya ƙi gaishe shi saboda ni, ina roƙonsa ya zo ya tsaya a bayana. Ubangiji ya yi mana jinƙai, a cikin sunan Yesu. Amin.